Daminar da Hadari Ya Yi Tafiya da Baya

Shekarun baya, lokacin da jiharmu ta Zamfara ba ta daɗe da samun kanta ba, Shari'a kuma ta fara aiki ke nan, na yi wani aiki na damina ɗaya wanda har yau ban gama fahimtarsa ba. Zan ba ku labarin bi da bi yadda ya faru, don ni ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya.

Asalina ma'aikacin reluwe ne a Kaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare. Karatuna bai wuce firamare da ɗan kwas ba, amma littafin tasha a hannuna yake: jirgi ya shigo ƙarfe kaza, ya tashi ƙarfe kaza. Da jirgi ya yi wuyar gani sai na tattara na koma Zurmi wurin mahaifiyata, ina noman gero da dawa, ina kuma damun mutanen gida da faɗa a kan buta da tabarma da ba a mayar mazauninsu ba. Abu guda na fito da shi daga reluwe, girmama lokaci. Agogon aljihuna kullum sai na gwada shi da rediyo kafin in karya kumallo.

Ina da wani aboki a Kaura, tun ajin farko muke tare. Halinmu ya sha bamban. Shi mutum ne mai raha, hularsa a karkace, bai taɓa ɗaura agogo ba, kiran salla ne lokacinsa. Mai Tasha yake kirana, ko a gaban wa. Wata rana a ƙarshen bazara ya zo a kan babur, ko sauka bai gama yi ba ya ce, "Mai Tasha, na samo maka jirgin da ba ya fashin zuwa."

Na ce wane jirgi?

Ya nuna sama da haɓa. "Girgije. Wasu masu bincike sunka zo, suna biɗar wanda za ya zauna yana rubuta shigowar hadari da tashinsa. Nac ce masu duk ƙasar ga babu kamarka."

Na ɗauka ba'a ce irin tasa. Ashe gaskiya ne. Shi an riga an ɗauke shi a Kaura, an ɗauki wani a Shinkafi, saura Zurmi. Kuma ya gaya mani abin da ya fi damunsa. Sabuwar jiha tana neman wanda zai kula da ma'aunin ruwan sama a ofishin gona, aiki na dindindin, kuma shugaban masu binciken ya yi masa alkawarin takardar shaida idan damina ta ƙare lafiya. Abokina ya yi shekaru yana buga-buga, yana da iyali. Wannan takarda ita ce abin da ya sa wa rai.

Shugaban nasu malamin jami'a ne, Bahaushe, bai kai ni shekaru ba, kowa Dakta yake ce masa. Tare da shi akwai wani Bature dogo wanda ya kawo kayan aikin, rana ta mayar da wuyansa kamar jan tattasai. Ranar da suka zo kafa kaya a Zurmi, Dakta ya zaunar da ni a gindin wata bedi, wato darbejiya, ya yi mani bayani. Ya ce a ƙasashen waje akwai manyan kwamfutoci da ake sa su lissafa yadda yanayin duniya zai kasance nan da shekaru masu yawa, ko zafi zai ƙaru, ko ruwa zai ragu. Ya ce sun iya lissafin iska da zafi daidai gwargwado, amma girgije yana rikita su, musamman irin namu da za ka ga sama fes da hantsi, kafin La'asar ya taru ya yi baƙi. Don haka suka zo su auna girgijenmu a wurare uku lokaci guda, su kai wa kwamfutar ta koya.

Na ce, "Dakta, wato injin ne bai san hadari ba, ni zan koya masa?"

Ya yi dariya ya ce kusan haka ne. Ni ban yi dariya ba. Na dai ce to.

Kafin a kafa ko sanda ɗaya sai da dattawan gari suka zauna da su. Lokacin kowa yana taka-tsantsan da abin da zai saɓa wa addini. Wani malami ya tambaya ko wannan ba shiga sanin gaibu ba ne, tun da saukar ruwa Allah kaɗai ya san lokacinsa. Dakta ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ba mu ce ga ranar da zai sauka ba. Wanda Allah ya riga ya aiko muke aunawa, kamar yadda ake auna hatsi bayan an sussuke." Aka duba takardar da suka zo da ita daga Gusau, aka yi addu'a, aka ba su wani fili a bayan gari.

Aikina shi ne wannan. Na farko, duk awa ɗaya, daga ƙarfe shida na safe zuwa biyar na yamma, in fito fili in raba sama kashi takwas a idona, in rubuta kashi nawa girgije ya rufe. Na biyu, in ɗauki hoton sama da wata kyamara da aka ɗaure a kan turke. Na uku, in duba wata kibiyar ƙarfe mai juyawa in rubuta inda iska ta fito. Na huɗu, wanda Dakta ya ce ya fi duka, idan hadari ya taso in rubuta minti ɗin da iskar gabansa ta iso, da minti ɗin da ɗigon farko ya faɗo, sannan in auna ruwan da ya taru a gwangwani mai mazurari. A Kaura kuma su suna sakin wata babbar balan-balan da ɗan akwati a ƙarƙashinta, tana hawa tana aiko masu da labarin zafi da laima daga can sama. Duk abin da muka rubuta mu uku za a jera shi da na balan-balan.

Da za su tafi Dakta ya miƙo mani agogon hannu baƙi ya ce, "Malam, da wannan za ka yi aiki, ba da naka ba." Ya shiga mota da sauri don su kai Shinkafi kafin Magariba.

Washegari na ga abin da na gani. Agogon baƙi ya yi latti. Ba da minti biyu ko biyar ba, da awa guda cur. Rediyo ya ce ƙarfe bakwai, agogon aljihuna ya ce bakwai, na baƙi ya ce shida. Kwana biyu ina bin sa haka zuciyata na tafasa. Aikin da aka ce a fara ƙarfe shida, ina fara shi rana ta riga ta hau katanga. A reluwe da an kama ka da irin wannan agogo, ranar za ka san matsayinka.

Na zauna na yi tunani a tsanake. Na ce Baturen nan daga ƙasarsu ya zo da agogon, ya manta bai daidaita shi ba. Dakta kuma hidima ta yi masa yawa bai duba ba. To yanzu in tashi in je in ce wa mutum mai digiri uku, a gaban baƙonsa, agogonku ba daidai yake ba? Ba a yi mana irin wannan tarbiyya ba. Idan baƙo ya sa riga a bai-bai ba ka faɗa a bainar jama'a. Idan babba ya yi tuntuɓe ka kau da kai, ka ɗauke dutsen bayan ya wuce. Ranar Laraba bayan sallar Asuba na jawo kan agogon, na murza shi gaba da awa ɗaya, na gwada da rediyo, ya zauna daram. Na rubuta a ɗan littafina na aljihu, inda nake rubuta komai har ranar da na sayi gishiri: "Laraba, bayan Asuba, na gyara agogon baƙi." Na ji daɗi ƙwarai. Na rufa wa manya asiri, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

A saman kowane shafi na takardun aikin, kusa da gurbin lokaci, akwai wasu haruffan boko guda uku. Na ɗauka sunan kamfanin da ya buga takardar ne.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ni kuwa ban taɓa fashin awa ɗaya ba. Ranar Juma'a ma a sahun baya nake tsayawa don in fita da wuri. Mutane suka saba ganina tsaye a fili, kai a sama, ina ƙirga da yatsu a cikin aljihu, don mahaifiyata ta gargaɗe ni tun ranar farko. Ta ce, "Kai wanga, duk abin da za ka yi ka yi, amma kak ka nuna hadari da yatsa ya watse, mutane su ce kai ne." Na ce Inna wannan camfi ne. Ta ce ta ji, in dai bar hannuna cikin aljihu. Na bar shi.

Duk mako Dakta yana zuwa karɓar takardu. Makon farko ya ɗaga nawa ya nuna wa Baturen, ya ce bai taɓa ganin rubutu mai tsabta haka ba. Layi a miƙe, babu kankara, babu gurbi. Ya ce na abokina kuwa da ɗigon manja a kai, wani shafin akuya ta ci gefensa. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma a zuci na ce ai dama.

A mako na uku fuskar Dakta ta canza. Ya zo ya tsaya a gaban kibiyar iska ya daɗe yana kallonta. Baturen ya fito da wata 'yar na'urar gane gabas, ya auna turken, ya sake aunawa. Suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Sannan Dakta ya ce, "Malam, hadarin ranar Litinin, daga ina ya taso?"

Na ce daga gabas, kamar kullum.

"Ka tabbata?"

Na ce, "Dakta, a garin nan aka haife ni."

Ya buɗe takardu biyu a kan murfin mota. Ya ce Zurmi tana gabas da Kaura, ko ba haka ba? Na ce haka ne. Ya ce to hadarin da ya taso daga gabas dole ya fara dukan Zurmi, bayan kamar rabin awa ya isa Kaura. Amma a takardunmu kullum Kaura yake fara isa, sai bayan minti ashirin ko talatin ya iso Zurmi. Hadari huɗu a jere, duk haka. Wato a ido yana tafiya yamma, a takarda yana dawowa gabas.

Na ce to Shinkafi fa, me nasu ya nuna? Ya ce Shinkafi ta yi arewa, yawancin hadarin nan gefenta yake bi, ba za ta raba gardama ba. Sai ya ce, "Agogonka dai lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Kullum sai na gwada shi da rediyo, ko minti ɗaya bai kuskure ba."

Gaskiya na faɗa. Agogon yana ƙarƙashin hannun rigata. Daga baya Dakta ya gaya mani ya so ya ce in nuna masa, amma ya ji nauyi, ga furfurata, ga tsabtar littafina. Ni ina rufa masa asiri, shi yana jin nauyina, hadari kuma yana ta tafiya da baya.

Daga nan kowa ya shiga ruɗu. Baturen ya fara zumuɗi, wai ko wani sabon abu ne suka gano wanda babu shi a littafi, ko tudun da ke tsakanin garuruwan ne yake haifar da wani girgijen daban. Ya yi kwana biyu yana yawo a daji da babur yana duba tuddai, har ƙaya ta yaga masa wando. Dakta bai yarda da wannan ba. Ya duba agogon Kaura da kansa ya tarar daidai yake da nasa. Saboda haka zarginsa ya koma kan mai riƙe da agogon. Ya ce wataƙila abokina yana hango hadari daga nesa sai ya rubuta lokaci da ka, ya ruga gida ya ɗaure awaki, ba ya tsayawa iska ta iso.

Ni ma na yarda da haka nan take. Wa ya san abokina kamar ni?

Muka haɗu da shi ranar kasuwa a Kasuwar Daji, da dare bayan mun tashi daga aiki, a rumfar mai shayi. Na sa shi gaba. Na ce masa na farko, aiki amana ne. Na biyu, wannan zamani ne da ake tsayar da gaskiya a jihar nan, kalmar cin amana ba abin wasa ba ce. Na uku, ni ya jawo cikin aikin, kada ya sa a yi mana kuɗin goro. Ina jin har na huɗu na kai.

Bai yi ba'a ba, abin da ban saba gani ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Mai Tasha, wallahi tsaye nike har iska ta ɗauke man hula. Hula biyu nir rasa ga aikin ga. Rubutuna na da muni, na sani, amma ban rubuta abin da ban gani ba."

Na ce takarda ba ta ƙarya.

Ya ce, "To ni ka yin ƙarya ke nan."

Ya tashi ya hau babur ɗinsa. Ranar ce kaɗai tun muna yara muka rabu ba mu yi musabaha ba. Na koma gida ina ce wa kaina gaskiya ɗaci gare ta.

Aka sake yin hadari biyu, duk labarin ɗaya. A mako na biyar Dakta ya zo Zurmi shi kaɗai, ya ce yana so ya gaida mahaifiyata, tun da kullum sai dai ta aiko masu da fura. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita ta zauna daga bakin ƙofa ta ciki. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗana, wai mi kuka nema ga sama ne har yau ba ku samu ba? Na ga wanga ya rame."

Dakta ya gaya mata a taƙaice, cewa takardu sun nuna ruwa yana fara sauka a Kaura kafin Zurmi.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Takardar wa? Ni shekarata nawa ina aika ƙuli-ƙuli Kaura. In masu kai shi sunka taso da hadari bayansu, mu nan mun jiƙe tuni su suna can suna tsere da shi bisa hanya. Zurmi aka fara jiƙawa. Ko jakin garin ga ya san haka."

Dakta ya ce, "Nima haka na sani, Inna. Shi ya sa na yanke shawara."

Da ta koma ciki ya juyo gare ni. Ya ce damina ta kusa rabi, ba zai iya barin aikin shekara ya lalace ba, don kayan nan na aro ne, da kaka za a kwashe su a mayar. Gobe zai sallami abokina ya sa wani a Kaura. Maganar takardar shaida kuma babu ita, don ba zai sa hannu a kan mutumin da bai amince da rubutunsa ba.

Na tuna abokina ya zo a kan babur yana murna ya samo mani aiki. Na tuna hulunansa biyu. Duk da na yarda shi ne mai laifi, ban so a yanke masa abinci ba. Na duba duk hujjojin da zan iya roƙo da su, na ga guda ɗaya ce mai ƙarfi, sai dai tana nufin in tona asirin da na yi mako biyar ina rufewa. Na nemi gafarar Allah a zuci na ce:

"Dakta, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in ci fuskarka ba ne. Ɗan Adam ajizi ne. Babba ma yana kuskure balle ƙarami. Ku kanku, da iliminku, agogon da kuka ba ni ya yi latti da awa guda cur. Na gyara shi ban gaya wa kowa ba, ko Inna ba ta sani ba. To yadda na rufa maku, kai ma ka rufa wa wannan bawan Allah."

Na gama ina jiran ya ji kunya ya yi godiya.

Dakta ya miƙo hannu a hankali ya kama tsintsiyar hannuna, ya ɗage rigar, ya dubi agogon. Ya dubi nasa. Ya sake duban nawa. Sannan ya cire tabarau ya rufe fuskarsa da tafin hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko kuka yake ko dariya ba, ina jin shi ma bai sani ba.

"Malam," ya ce, "yaushe?"

Na ciro ɗan littafina na buɗe masa. Laraba, bayan Asuba, na gyara agogon baƙi.

Ya karanta ya ce, "Alhamdu lillahi da ka rubuta. Inna lillahi da ka gyara."

Ya yi mani bayani sau uku. Wai masu auna sama na duk duniya agogo ɗaya suke bi, ko suna ina, don idan an jera rubutun Zurmi da na wata ƙasa a san abu kaza da abu kaza lokaci guda suka faru. Wannan agogon kuwa yana bayan namu da awa ɗaya. Haruffan nan uku na saman shafi sunansa ne. Na ce to wanne ne daidai, nasu ko na rediyo? Ya ce duka biyun. Na ce ba a yin ƙarfe shida da ƙarfe bakwai a lokaci guda a gari guda. Ya ce ana yi. A nan na bar maganar, don kaina ya fara ciwo. Abin da na gane shi ne, duk hadarin da na rubuta na ƙara masa awa ɗaya, shi ya sa yake isa Kaura kafin ya iso inda ya riga ya wuce. Abokina kuwa, da bai taɓa damuwa da ƙarfe nawa ba, an ba shi agogo ya rataye a ƙusa ya bi shi yadda yake. Rashin kularsa ya fi kulata amfani.

Dakta ya ce laifinsa ne da bai yi mani bayani ba ranar farko. Na ce a'a, nawa ne. Muka yi ta ja, kowa yana son ya ɗauka, har Inna ta leƙo ta ce in mun gama rabon laifin ga tuwo nan yana hucewa.

Kwana uku muka yi muna gyara. Da yake ban taɓa tsallake awa ba, kuma ranar da na taɓa agogon tana rubuce, kowane layi aka matsar da shi baya da awa ɗaya ya zauna a gurbinsa. Hadari ya koma tafiya yadda Allah ya tsara masa. Baturen ya ɗan ji haushi, sabon abin da ya gano ya tashi a banza, ga wando. Amma akwai abin da bai gyaru ba. Tun da ina farawa da wuri, ina kuma tashi da wuri. Awar ƙarshe ta kowace rana, tsakanin biyar da shida na yamma a agogonmu, babu hoto, babu ƙirga, har mako biyar. Ita ce kuwa awar da girgije ya fi taruwa, ita suka ƙetaro teku dominta. A madadinta na tara masu hotunan sararin safiya fiye da talatin, babu komai a ciki sai tsuntsaye. Dakta ya jera takardun ya daɗe yana kallon gurbin. Da ya yi mani faɗa da ya fi mani sauƙi.

Tun kafin a fara gyaran, washegari da sassafe, na hau motar Kaura. Na tarar da abokina tsaye a filinsa, kai a sama, ba hula. Na yi sallama ya amsa bai juyo ba. Na ce na zo da magana uku. Ya ce, "In irin na Kasuwar Daji ne, na ƙoshi." Na ce na farko, ni ne. Na biyu, kai ne mai gaskiya. Na uku, ka yafe mani.

Da na gaya masa yadda aka yi, ya zauna a ƙasa ya yi dariya har hawaye. "Mai Tasha! Wato duniya duk ta yi latti, kai kaɗai ka zo kan lokaci!" Ya ce ya yafe, amma da sharaɗin in saya masa hula biyu, kuma ba zai daina ba da labarin ba har ya mutu. Na saya masa hulunan, shi kuma ya cika alkawarinsa. Damina ta ƙare lafiya, Dakta ya rubuta masa takarda, ya sami aikinsa a ofishin gona, a can ya yi ritaya.

Na daɗe ina juya wannan abu. A da ina ganin idan mutum ya tsare tsari, ya tsare ladabi, ba zai cuci kowa ba. Ga shi da tsarina da ladabina na kusa raba aminina da abincinsa, har ina yi masa wa'azi a kai. Tambaya ɗaya ce ta gagare ni, wadda ko minti ɗaya ba za ta ci ba: Dakta, me ya sa agogon nan yake baya? Na ɗauka shiru na girmamawa ne. Yanzu ina ganin rabinsa girmamawa ne, rabinsa kuma na riga na yanke cewa ni ne daidai. Tun daga lokacin, idan na ga abu a karkace a wurin da ba nawa ba, sai na tambayi mai shi kafin in miƙe shi. Iyalina sun ce ban canza sosai ba, amma suna shaida ina tambaya.

Ko kwamfutar ta koyi hadarinmu, ban sani ba. Dakta ya aiko mani da wani littafi na Turanci bayan shekara biyu, cike da zane-zane, ban gane komai a ciki ba sai sunan garinmu a kan taswira. Amma har yau idan rediyo ya ce za a yi ruwa da yamma, yamma ta yi ba a yi ba, mutane suna zagin masu hasashe, ni sai in yi shiru. Ina jin tsoron ko awar nan tawa ce injin yake nema bai samu ba.

Agogon sun bar mani shi. Dakta ya mayar da shi baya da hannunsa a zauren nan, kuma yana rataye a ɗakina, ina canza masa batir, yana bayan kowa da awa ɗaya. Kwanakin baya wani surukina ya zo gaisuwa, na fita alwala, na dawo na tarar ya sauko da shi yana laluben kansa a ɓoye, don kada tsoho ya ji kunya.

Na ce, "Ajiye. Zauna in ba ka labari."